Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo, Mai Boɗinga: Malamin Da Nasara Ba Ta Ruɗa Ba

'Yar'uwa mai karatu, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na tarihin magabata. A wannan fitowa ƙasar Sakkwato za mu leƙa. Idan kin taɓa bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, to kin ratsa Boɗinga, kin wuce ta Shagari kafin ki isa Tambuwal. Yawancin matafiya sai dai su leƙa ta tagar mota su wuce, ba su san cewa a wannan yanki ne aka rubuta wasu daga cikin manyan litattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure har gobe ba. Mai wannan aiki kuwa shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Mujaddadi Shehu Usmanu, wanda wasu ke ce wa Abdullahin Gwandu, wasu kuma su ce Mai Boɗinga.

Tarihinsa ya shafe mu mata kai tsaye. Shi ne malamin da ya fi kowa tsanani a cikin shugabannin jihadi, kuma shi ne ya tsaya ya kare zuwan mata majalisin karatu tun yana saurayi. Yadda waɗannan abubuwa biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya shi ne abin da za mu duba.

Haihuwarsa da neman iliminsa

An haifi Malam Abdullahi a shekarar 1180 Hijira, wato wajen 1766, a ƙasar Gobir, cikin zuriyar Toronkawa waɗanda aka sani da malanta tun kaka da kakanni. Shehu Usmanu ya girme shi da kamar shekara 12. A hannun mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo ya karanta Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga yayansa. Daga nan fa suka zama tamkar ɗan jumma da ɗan jummai, duk inda Shehu ya sa ƙafa, Abdullahi na biye.

A wurin Shehu ya karanci Ahalari da Ishmawi da Risala, da Ajuruma a fannin nahawu, da Ishiriniya, da litattafan tauhidi da tafsiri. Bai tsaya nan ba, ya zauna gaban malamai da dama na danginsu da na waje, ciki har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, babban malamin Shehu, da Malam Muhammadu ɗan Raji wanda suka ɗauki Sahihul Buhari a wurinsa. Shi da kansa ya jera sunayen malaman nasa a wani littafi mai suna Ida'un Nusuki da ya rubuta a 1812, don kada a manta da waɗanda suka yi masa wahala. Larabci kuwa ya zauna masa a baki da alƙalami har malamai suka riƙa yi masa laƙabi da Balaraben ƙasar Sudan.

Ranar da ya tsaya wa mata

To 'yar'uwa, ga inda labarin ya fara shafar ki. Wajen shekarar 1786 Shehu ya shiga ƙasar Zamfara yawon wa'azi, ya kwashe kusan shekara biyar yana kewayawa. Maza na zuwa, mata ma na zuwa, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Sai wani malami mutumin Barno mai suna Mustafa Goni ya aiko wa Shehu da waƙa, yana yi masa maraba, amma yana neman ya hana mata halartar majalisinsa saboda gudun cakuɗuwa da maza. Shehu ya dubi ƙanensa, wanda a lokacin bai fi shekara 20 ba, ya umarce shi ya ba da amsa.

Abdullahi ya mayar da amsa cikin waƙa irin ta mai sukar. Da farko ya musanta cewa ana cakuɗuwa, ya nuna su ma hani suke yi a kan haka. Sannan ya kawo hujjar da ta fi ƙarfi, cewa barin mata cikin jahilci ɓarna ce da ta fi wadda ake gudu, don haka ba za a kore su daga karatu ba, sai dai a gyara yadda suke zama. Kin ga ke nan, ba sassauci ya yi ba. Ƙa'idar fiƙihu ya bi, wadda ta nuna idan cuta biyu suka haɗu, ƙarama ake ɗauka a kauce wa babba. Wannan shi ne ra'ayin gidan gaba ɗaya, don Shehu ma a littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san ko hukuncin tsarki ba.

Daga wa'azi zuwa filin daga

Musulunci ya daɗe a ƙasar Hausa kafin Shehu, ya yi ɗaruruwan shekaru. Amma a fadojin sarakuna ana salla ana kuma bori, ana karɓar harajin da shari'a ba ta san da shi ba, alƙali kuma sai abin da mai hannu da shuni ya ce. Jama'ar Shehu da ke Ɗegel ta yi ta ƙaruwa har sarakunan Gobir suka tsorata. Sarki Nafata ya sa doka cewa ban da Shehu kada wanda ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata kuma su daina lulluɓi. Ki lura da wannan na ƙarshe. Tun kafin a harba kibiya ko ɗaya, mayafin mace ya riga ya zama tuta tsakanin ɓangarorin biyu.

A zamanin Sarki Yunfa abin ya kai intaha. Aka kai wa mutanen Malam Abdussalami hari a Gimbana, aka kama Musulmi bayi, Jama'a suka ƙwace su da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, inda aka yi masa mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na wannan shekara shi ya jagoranci rundunar da ta karya Yunfa a Tafkin Kwatto. Bayan haka Jama'a suka gangaro Magabci a ƙasar Yabo, maƙwabciyar Shagari, inda Muhammadu Moyijo ya karɓe su a lokacin da abinci ya yi musu wuya. A 1805 Abdullahi ya ci Birnin Kabi, abin da ya ba Jama'a damar zama a Gwandu.

Kada ki ɗauka nasara ce kawai aka yi ta samu. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an ruwaito cewa an rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A Alwasa, 1805, aka sake yin wata babbar asara. Yunwa da cuta suka ci wasu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mamata ya bar uwa ko mata ko marayu, kuma mafi yawan waɗanda suka fara faɗuwa su ne almajiran Ɗegel, masu karatun da aka tashi dominsa.

Nasarar da ta ɗaga masa hankali

A nan ne halin Malam Abdullahi ya fito fili. Da malamai suka ƙare a fagen fama, sai sahu ya cika da waɗanda ganima ta kawo. Tun a hanyar Alwasa mayaƙa suka afka wa wani gari da ke zaman amana da Jama'a, shi da Muhammadu Bello suka yi iya ƙoƙarinsu su hana, ba a saurare su ba. Ya duba ya ga mutane sun koma tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma da dawakin ƙawa, ana rububin muƙami, ana cin dukiyar marayu, an bar masallaci da makaranta. Abin da aka yaƙi sarakunan Gobir a kansa, ga shi yana tsirowa a cikin gida.

Wajen shekarar 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙin Alƙalawa, sai ya sulale daga cikin runduna da 'yan rakiya ƙalilan, ya fuskanci gabas da niyyar tafiya Makka da Madina, ba da shirin dawowa ba. Ki auna wannan, 'yar'uwa. Wazirin Shehu ne, babban kwamandan yaƙi, duniya ta buɗe masa, ya juya mata baya.

Da ya isa Kano a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka tare shi suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya nuna musu abin da ya gudo dominsa ne ya tarar a wurinsu, amma suka nace. Sai ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya tsara aikin shugaba da waziri da alƙali da mai hisba, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Kayan kaɗe-kaɗen fada da ya tarar ya farfasa, tambura kuwa aka mayar da su abin zuba wa dawaki abinci. Bayan haka ya fasa tafiyar ya komo wurin Shehu. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa.

Zaman Boɗinga

Wajen 1810 Shehu ya bar Gwandu ya koma Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau. Bello na gina Sakkwato, shi kuma Abdullahi ya kafa zamansa a Boɗinga, tafiya kaɗan daga wurin yayansa. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi, yankin da daga baya ya haɗa har da Nufe da Ilori.

Shekarun Boɗinga su ne na alƙalami. A cikinsu ya haɗa Tazyinul Waraƙati a 1813, inda ya tattara waƙoƙinsa da labarin jihadi kamar yadda ya gan shi da idonsa, daɗi da ɗaci. A cikinsu kuma ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili wajen 1816, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi huɗu.

A wannan lokaci ne kuma aka yi wata muhawara tsakaninsa da Shehu wadda ya kamata kowace ɗaliba ta sani. Abdullahi na ganin bai dace a kira shugaban Musulmi da laƙabin sarauta irin na da ba, don gudun kada khalifanci ya rikiɗe ya koma mulkin gado. Yana ƙyamar kaɗe-kaɗe, yana kuma ƙyamar shugabanni su sa alharini da zinariya ko da na ganima ne. Shehu kuwa, a litattafai irin su Najmul Ikhwani na 1812, ya nuna cewa malamai sun yi saɓani a kan waɗannan mas'aloli, kuma abin da aka yi saɓani a kansa ba a tsananta wa jama'a. Kowa ya rubuta hujjarsa, babu zagi, babu kafirtawa. Ƙarshenta ma Shehu ya yi wa mutane nasiha su riƙa karanta litattafan ƙanen nasa saboda yadda yake tsare zahirin shari'a. Tsakanin Sifawa da Boɗinga ana saɓani da rana, a gaisa da yamma.

Abin da jihadi ya sauya

Kafin 1804 malami sai dai ya yi wa'azi, wanda ya ga dama ya ɗauka. Bayan an ci yaƙi kuwa, kotu da kasuwa da baitulmali duk sun koma hannun masu wa'azin, don haka abin da yake nasiha jiya ya zama doka yau. Ta wannan hanya ce jihadi ya ƙarfafa riƙo da addini a ƙasar nan. Aka naɗa alƙalai a garuruwa, aka sa ido a kan mudu da ma'auni, bori ya bar fada ya koma ɓoye. Tasirin bai tsaya nan ba, don a 1818 Shehu Ahmadu Lobbo ya kafa irin wannan daula a Masina, cikin ƙasar Mali ta yau, daga baya kuma Alhaji Umaru Futi ya zauna a Sakkwato shekaru kafin ya tafi ya ɗaga tasa tutar.

Mu mata mun samu, an kuma rage mana. Shari'a ta tabbatar wa mace gadonta da sadakinta da ikon kai ƙara gaban alƙali, ta tsayar da aure a kan mata huɗu. A ɗaya hannun, manyan muƙaman da mata ke riƙewa a fada, irin na Innar Gobir, sun rasa ƙarfinsu a ƙarƙashin sabuwar daula, kulle ya yaɗu a birane, yaƙe-yaƙe kuma suka jefa mata masu yawa cikin bauta. A gidaje da dama an riƙe kullen an saki karatun, alhali tare aka kawo su. Wannan giɓi ne Nana Asma'u 'yar Shehu ta tashi cikewa da tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu.

Ƙofar da aka rufe

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilu na 1817. Abdullahi na Boɗinga labari ya iske shi. Ya hau ya nufo Sakkwato, ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Shi ne babba, shi ne waziri, shi ne ya fi kowa ilimi a cikin waɗanda suka rage, ga shi kuma ya daɗe yana gargaɗi a kan ɗa ya gaji uba. Yana da mayaƙa, yana da rabin ƙasa. Da wani ne, da jini ya kwarara. Shi kuwa sai ya juya linzami, ya koma Gwandu, abin da ke ransa ya zuba shi a takarda cikin wani littafi a kan sharuɗɗan shugabanci.

Zumunci ya yi sanyi na 'yan shekaru. Ana nan sai ragowar mutanen Abdussalami, wanda ya yi tawaye aka murƙushe shi a Kware a 1818, suka taru a Kalambaina ta kusa da Gwandu suka matsa wa Abdullahi. Bello ya taso da runduna ya taimaki baffansa aka ci garin. An ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga kan doki don girmama baffa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Ya kuma miƙa alkyabbar wazirci ga Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. Da wannan aka rufe ɓaraka, Sakkwato da Gwandu suka zauna a matsayin 'yan'uwa har zuwan Turawa a 1903.

Ƙarshen rayuwarsa

Daga nan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Muhammadu Buhari yawancin harkokin mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya taƙaita tafsirinsa a wani littafi mai suna Kifayatu Lu'afa'is Sudan don masu ƙaramin ƙarfi a karatu. Ya bar litattafai a nahawu da sarfu da usulu da hadisi da tarbiyyar zuciya. Ya rasu a Gwandu a 1245 Hijira, wato 1829, kuma a can kabarinsa yake. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya da Fulatanci. Wani abin lura shi ne sarautar Gwandu ta zauna a zuriyarsa, ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sannan Halilu. Abin da ya guda bai bar gidansa ba, wanda ke nuna mana cewa gyaran al'ada ya fi cin gari wuya.

Abin da za mu ɗauka

'Yar'uwa, a tarihin Musulmi sau da yawa idan aka yi tashin hankali da sunan addini, abin da ke biyo baya shi ne ƙarin tsanani, ko masu tayarwar sun ci ko an ci su. Dubi abin da ya faru a Makka ranar 20 ga Nuwamba 1979, lokacin da Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Harami da makamai har mako biyu. Wannan fitina ce da malamai suka yi tir da ita, ba a haɗa ta da jihadin Shehu. Amma bayan an murƙushe su, hukumar Saudiyya ta ƙara wa 'yan hisba ƙarfi, aka rufe gidajen silima har zuwa 2018, aka rage fitowar mata a talabijin da jaridu. Nauyin ya fi sauka a kan talaka da mace.

Tsananin Malam Abdullahi kuwa daga sama ya fara. Kafin ya dubi mayafin mace ya dubi rigar sarki, da aljihun alƙali, da dukiyar maraya, kuma kansa ya fara ɗora wa. Bai yarda a fake da tsare mutuncin mace a hana ta sanin addininta ba. Saboda haka duk wanda ya zo miki da sunan riƙo da sunna, ki auna shi da wannan ma'auni. Shin tsananinsa na hawa kan mai mulki da mai kuɗi, ko a kanki kaɗai yake ƙarewa? Shin da ya ce ki zauna a gida, ya kawo miki malami ko ya bar ki ki je Islamiyya? In kuwa akwai yarinya a gidanki ko a maƙwabta da aka cire daga makaranta, to ki sani tun wajen 1786 aka ba da amsar wannan magana a ƙasar nan, kuma wanda ya ba da ita ba a taɓa zarginsa da sakaci da addini ba.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da Shehu da Bello da Nana Asma'u, Ya ba mu albarkacin iliminsu, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.